Gadar Alhaji Zakari Ta Tafi Yawo

Lawwali ya dawo Matameye daga cin rani a Kano da abu biyu: tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, da tari. Tarin ya warke. Ordinater ɗin ta zauna a shagonsa na gyaran waya kusa da tasha, inda yake haɗa kiɗa in babu aiki. Ba ganga, ba kalangu. Ƙarar injin niƙan maƙwabta yake ɗauka, da hon ɗin 'yan kabu-kabu, ya yayyanka ya jera su har su riƙa dukan ƙirjin mai saurare.

Abokinsa Marwan, wanda ya faɗi jarrabawar bak ta gama sakandare sau biyu kuma yake ganin laifin duniya ne, shi ke rubuta baitocin rap. Zuhra ƙanwar Lawwali, tela ce, ita ke amshi. Suka sa wa kansu suna 'Yan Ƙasan Tabarma, domin a cewar Marwan waƙarsu ta ɓoye ce, ba za su taɓa ba gidan rediyo ba. Babu gidan rediyon da ya nema.

Wata goma sha takwas ba mai sauraronsu sai samarin fadarsu ta hira, su ma don shayi suke zama.

Sai damina ta zo. Alhaji Zakari, babban ɗan kasuwar garin, ya gina wata ƙaramar gada a hanyar ƙauye, ruwan farko ya tafi da ita. Marwan ya rubuta “Gada Ta Tafi Yawo”, ya ce da garin rogo aka kwaɓa simintin, ya ambaci Zakari sau tara. Waƙar ta bi waya zuwa waya, fada zuwa fada. Direbobi suka tsallaka iyaka da ita ta Ɗan Barto.

Ranar wata Laraba bayan la'asar Alhaji ya aiko kiransu. Marwan ya sa baƙar riga, ya nemi gafarar mahaifiyarsa, ya haddace jawabin da zai yi kafin a ɗaure shi. Suka tarar da Alhaji a zaure, waƙar na tashi daga wayarsa.

“Wane ne Marwan a cikinku?”

“Ni ne, Alhaji.” Jawabin ya gudu ya bar shi.

“Kai ka ce garin rogo?”

“Salon magana ne kawai, ranka ya daɗe.”

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. “Jiya wani attajiri ya kira ni daga Kano. Shekara ashirin ina kai masa kaya bai riƙe sunana ba, yanzu ya haddace. Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai. Zakari kurum ka ce, kamar wani mai tura baro. Sau biyu na je Makka, yaro.”

Zuhra ta ce, “Baba, gadar fa? Mutane cikin ruwa suke wucewa da buhu a ka.”

“Wannan 'yar wa ce? Muryarta da daɗi,” in ji Alhaji, ya juya ga Lawwali yana tambayar irin lasifikar da suke buƙata.

Aka gyara waƙar, aka sa “Alhaji” a wurare tara. Suka yi ta a bikin 'yarsa Jamila, shi da kansa ya shiga fili yana rawa daidai wurin garin rogo. Kafin kaka, 'yan kasuwa layi suke a shagon Lawwali, kowa na son a zage shi. Alhaji Cha'ibu mai taki ya dawo da tasa waƙar a fusace, ya ce zagin bai kai na Zakari zafi ba, raini ne.

Zuhra ta koma kan kekenta na ɗinki. Ta ce in dai yabo ne, gara ta yi wa amare, su aƙalla suna jin kunya.

Da wani gidan rediyo a Damagaram ya gayyace su, Marwan bai yi gardama ba. Ya sa baƙin tabarau a cikin ɗaki, rabin maganarsa Faransanci. Mai gabatarwa ta tambaye shi ko ba sa tsoron manyan da suke taɓawa.

“Madam, kullum rayuwarmu cikin haɗari take,” in ji shi. “Amma ba mu da ubangida sai talaka.”

Lawwali ya taɓa shi da gwiwar hannu, ya raɗa masa ya taƙaita. Direban Alhaji Zakari ya gaji da jira a waje, har ya fara danna hon.