Selerin da na dasa a Satumba

A nan garinmu Deloraine, inda sanyi ke kaiwa har Oktoba, ba a dasa seleri, ganyen nan mai kara da ake sa wa romo, sai Nuwamba ta kama. Kowa ya sani, ni ma na sani. In sanyi ya buge shi yana ƙarami, ba mutuwa yake yi ba, fure yake fitarwa, karan ya yi ɗaci.

To amma likita ya ce mijina Neville da wuya ya wuce Kirsimeti. Shi kuwa ba abin da ke zama a cikinsa sai romon rago da seleri, na kanti kuma ya ce ruwa ne zalla. In na jira Nuwamba, sai Maris a cire. Da aka ɗan samu rana a Satumba, na ɗauki fartanya.

Yana baranda cikin bargo yana kallona.

"Lorraine, wa ya ce miki sanyi ya tafi?"

"Yi mini shiru, tsoho. Kai ka yi na bara, bana nawa ne."

"Allah ya jiƙan seleri," in ji shi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

'Yata Kerryn ta kawo tsofaffin labulaye. Da yamma mu lulluɓe selerin, da safe mu yaye. A coci ina roƙa wa Neville, ina roƙa wa selerin, ko kunya ban ji ba. Oktoba ta zo da sanyin nan da ciyawa ke wayar gari fara fat da ƙanƙara. Selerin bai mutu ba. Ya yi kore shar, na ce Ubangiji ya ji ni.

Farkon Disamba na leƙa, kowane gindi ya fito da sanda a tsakiya, fure a kai. Duk layin.

Na yanko na dama-dama na dafa. Neville ya kurɓi cokali ɗaya, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Ya yi ɗaci ko?"

"Kamar surukata, Allah ya ba ta hutu."

Kerryn ta miƙe. "Baba, bari in je kanti."

"Zauna, 'yar nan." Ya juyo gare ni. "Tumɓuke su gobe ki sake dasawa. Yanzu ƙasa ta yi ɗumi. Maris za ki samu mai daɗi."

"In ci ni da wa?"

Ya ture kwanon a hankali, ya ja bargo har wuya. Na fita bayan gida na juye wa kaji tukunyar.