Uku ga Mayu a Lissafin Gabas

Ga ta nan, ga ta nanku. To, ku amsa mana ta zo mu ji ta, ku matso kusa.

A unguwar Mina ta Tarabulus, birnin bakin teku da ke arewa da Bairut, akwai Sitt Wadi'a, tsohuwar tela mai rubuta tarihin masunta. Tun tana yarinya uwarta ke cewa jarida ta buga sunan babansu Jirjis ranar uku ga Mayu, da ya tsamo mutum tara daga teku. Ƙanenta Fu'ad kuwa dariya yake yi, wai marigayiya uwarsu ce ta ƙirƙira. Abin nan yana cin ran Wadi'a, don ba ta taɓa kama uwarta da ƙarya ba.

Ta tafi ɗakin adana jaridu a Bairut, ta tarar kowane shafi da kuɗinsa, da dala kuma. Jaridun kwana uku kawai ta iya biya, ba Jirjis ba labarinsa.

Aka kwatanta mata Abu Nazih, mai tsofaffin littattafai a bayan kasuwar sabulu, wanda jaridun shekara hamsin ke jibge a shagonsa. Da ta tambayi farashi sai ya ce, "Sitt Wadi'a, dala ba ta ciwuwa. Kawo min ganyen inabin nan da kike naɗewa da shinkafa, ki karanta har ido ya gaji."

Ta sake duba ranar ukun, babu. Ta zauna tana goge tabarau, alhali ba tabarau ne ya jiƙe ba. Tsohon ya miƙa mata gahawa, ya tambayi garin uwarta. Ta ce wani ƙauyen Kiristoci ne a yankin Kura, kusa da Tarabulus.

"Haba ɗiyar Jirjis, kin tsufa ba ki san uwarki ba? Da lissafin Gabas, tsohuwar kalandar coci, take ƙirga kwana, irin na kakata, yana bayan na jarida. Ƙara sha uku."

Ta buɗe sha shida ga wata. Can ƙasan shafi ga layi huɗu, ga sunan Jirjis. Mutum bakwai aka rubuta.

Fu'ad ya karanta a tsaye, sannan ya ce ai Inna ta ƙara biyu. Amma shi ya yi wa shafin gilashi ya rataye a falonsa. Wadi'a ta gama littafinta, aka buga ɗari biyu. Abu Nazih yana nan a shagonsa, har gobe bai yanka wa karatu farashi ba.