Addu'ar Ammu Mahadi a Taron Masana Sifaniyanci

Ni ne mutumin da ya karanta Sifaniyanci a Yamai, ya koyar da shi a wata lise, wato sakandare, a Maraɗi, sannan ya zo Makka aikin hajji ya ƙi komawa. Idan kana neman wanda ya ƙware wajen koyon abin da ba zai amfane shi ba, ka zo unguwar Rusaifa ka tambayi ɗakin Mudassir. Furfura ta gama da kaina, ba ni da iƙama, wato takardar zama, kuma duk lokacin da na hango motar jawazat masu kama irinmu, sai in tuna ina da abin saya a shagon da ke bayana.

Lokacin hajji ina tafinta a wani masauki a Aziziyya inda ake sauke alhazai masu jin Sifaniyanci: na Sabta, na Garnaɗa, da tsirarun da suka musulunta a Kolombiya da Meziko. Sauran watanni kuwa tura tsofaffi nake a keke tsakanin Safa da Marwa. A cikin wannan aiki na lura da wani abu. Mutanen nan suna sauka jirgi kowa da maganar garinsu da ta matsayinsa, likita yana yi kamar likita, direba kamar direba. Da sun ɗaura harami sun kwana a tantin Mina, sai kalmomin girmamawa su fara zubewa, ɗan Kolombiya ya ɗauki lafazin ɗan Sabta bai sani ba. Ranar tafiya kuma, tun a cikin bas, kowa ya koma ya ɗauki bakinsa inda ya ajiye. Shekaru na yi ina sauraron wannan, ba wanda zan gaya wa sai matata Khadijatu, ita kuwa ta ce ko kaji idan aka haɗa su keji ɗaya kukansu yakan yi kama, ba ta ga abin rubutawa ba.

Wani alhaji ɗan Garnaɗa ne ya kai labarina ga malamarsa, Dokta Nora. Ita ke shirya taron masana harshen Sifaniyanci da yadda yake sauyawa a bakin jama'a. Ta rubuto ta ce ba wanda ya taɓa duba abin daga Makka, tunda su masanan ba Musulmi ba ne, ba su da hanyar shiga garin. Ta ba ni minti ashirin in yi magana ta intanet. Ta ƙara da cewa sashensu yana da gurbi ɗaya na digirin dokta, kuma kwamitin da zai ba da shi zai kasance a zauren. Idan sun gamsu, za a aiko mini da gayyata.

Na tsara komai a kaina. In miƙa kaina ga jawazat, a mayar da mu Yamai, in karɓi biza in wuce. Mutumin da ya haura hamsin zai koma ɗalibi. Da na gaya wa Khadijatu, ba ta ɗago daga tuyar funkasonta ba. Ta tambaye ni ko can ma akwai tsofaffin da za a tura a keke, don kada in tafi in bar sana'a.

Matsalar ita ce ɗakinmu. Intanet ɗinsa takan zo ta gaisa ta wuce, ga na'urar sanyin maƙwabci tana nishi kamar raƙumi. Dole na je wurin Ammu Mahadi, wato Baffa Mahadi a bakin Larabawa, a unguwar Zahir. Kakansa ne ya taho daga Kano a ƙafa ta Sudan. Shi an haife shi a nan, ɗan ƙasa ne, dillalin darduma, kuma shi ne mai ginin da muke ciki. An taɓa kama ni, waya ɗaya ya yi aka sake ni. Irin wannan mutum ba ka da shi, sai dai shi yana da kai.

Na roƙe shi aron majalisinsa, babban falon baƙi, na awa ɗaya. Ya fahimci komai sarai, ya san taron ilimi ne, ba wa'azi ba. Abin da ban lissafa ba shi ne zai ji daɗi. Ya ce tun zuwan kakansa ba a taɓa jin Bahaushen Makka ya karantar da Turawa ba, sai a gidansa.

Ranar taron na iso bayan la'asar da kwat ɗin aro, na tarar da takalma sun cika ƙofa. Ammu ya gayyato kusan duk wanda ya san ni: masu turin keke, tela Ɗanjuma, limamin unguwarmu, da wasu dattawa masu farin mayafi a ka da ban taɓa gani ba. Ana zuba gahawa, turaren wuta yana tashi. Babban ɗansa Rakan, ma'aikacin banki wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, ya haɗa kwamfuta da ƙaton talabijin na bango, ya saita kyamara yadda za ta ɗauki rabin ɗakin.

A majalisin Ammu ba a fara komai sai ya buɗe da addu'a, ko rabon naman layya ne. Na san da haka, shi ya sa na zo da wuri. Na durƙusa kusa da shi na ce ko za a yi addu'ar yanzu, tun ba a kira ni ba.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ya Ustaz, baƙi ba su iso ba. Wa zan yi wa addu'ar, bango?"

Na yi masa bayani cewa mutanen nan da agogo suke aiki, minti ashirin ɗinsu ba ya ƙaruwa, ko uban mutum ne ya mutu. Ya ce to wannan rashin tarbiyya ne, amma in kwantar da hankalina, kalma biyu kawai zai faɗa. Tela Ɗanjuma ya ji, ya sunkuyar da kai yana dariya a cikin kofinsa. Duk Zahir an san kalma biyun Ammu.

Aka kira sunana. Fuskar Dokta Nora ta bayyana a bango, a bayanta zaure mai kujeru ja, mutane da takardu a cinya. A layin gaba na ga dattawa uku, na gane su ne kwamitin, domin su kaɗai ne ba sa murmushi. Ta gabatar da ni, ta ce fili nawa ne. Na buɗe baki, sai na ji a gefena an ce a yi salati ga Annabi. Duk ɗakin ya ɗaga hannu. Hannuwana ma suka tashi, ba su nemi shawarata ba.

Ya fara da Larabci mai kyau, na ce a raina wataƙila yau Allah ya taimake ni. Sai ya zame cikin Hausar kakansa, irin Kanancin da ko a Kano an daina yi. Ya yi wa kakansa addu'a, da waɗanda suka taso tare suka mutu a hanya, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da garin da aka binne kowa. Ya koma Larabcin Hijaz ya roƙa wa 'yan kasuwa buɗi. Ya juyo ga talabijin ya roƙa wa Turawan shiriya da lafiyar iyali. Kowace gaɓa ɗakin yana amsawa da amin, har labule yana motsi.

A bango, Dokta Nora ta kalli agogonta, ta kalle ni.

Ba zan ce ban yi tunani ba. Ai jimla ɗaya ce: Ammu, a gafarce ni, lokaci. Na shirya ta, tana kan harshena. Sai na dubi limami, na dubi dattawan nan masu mayafi, na ƙiyasta yadda labarin zai isa Rusaifa kafin ni: Mudassir ya katse wa Ammu Mahadi addu'a a gidansa, a gaban Nasara. Na tuna ɗakin da muke ciki ba da yarjejeniya ba, na tuna wayar nan ɗaya. Gurbin karatu kuwa wataƙila ne. Ammu tabbas ne.

Daidai nan ya iso kaina. Ya ɗora hannu a kafaɗata ya ce, "Ya Rabbi, ga bawanka Mudassir, miskini ne, ba shi da iƙama, ba shi da kafilin da zai tsaya masa. Ka rufa masa asiri."

Na ce amin. Na fi kowa ɗaga murya.

Lokacin da aka shafa, wata yarinya a zauren tana ɗage da kwali mai nuna saura minti huɗu. A nan ma ba zan ɗora wa Ammu duka ba. Na fara da gode wa Dokta Nora, da kwamiti, da mai gida, domin ban san yadda ake fara magana ba tare da gaisuwa ba. Ina isowa zancen tantin Mina aka ɗaga jan kwali. Aikin shekaru ya tsaya a bakin tanti, bai shiga ba.

Abin mamaki, da aka ba da damar tambaya hannuwa suka tashi da yawa. Na gyara kwat. Na farko ya tambaya wane ne dattijon, kuma harsuna nawa ya yi amfani da su. Ta biyu tana son sanin ko yana komawa Hausa ne idan ya zo kan matattu, Larabci kuma idan ya zo kan kasuwa. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, wanda bai motsa ba sa'ad da nake magana, ya karɓi makirufo ya ce bai taɓa jin sauyin harshe mai tsabta irin wannan ba, ko za a tambayi dattijon shi yaya yake ji idan yana sauyawa.

Na yi abin da na saba, na yi tafinta. Ammu ya saurara, fuskarsa ta canza. Ya ce in gaya musu shi Larabci ya yi tsantsa daga farko har ƙarshe, a Makka aka haife shi, ba ya gauraya komai. Na fassara. Zauren ya yi dariyar jin daɗi, wasu suna rubutawa da sauri. Sai wani ya tambaya ko za a ba su izinin ajiye muryar da aka naɗa.

Da na fassara kalmar naɗa, masu turin keke, marasa iƙama irina, suka fara zamewa daga gaban kyamara, tela Ɗanjuma ya rufe fuska da hula. Ammu ya dubi ɗansa ya ce, "Rakan, halas. Kashe." Bango ya yi baƙi. Aka shigo da manyan farantan shinkafa da rago, kowa yana ba ni hannu yana cewa wallahi na burge, Turawa har dariya suke. Na ci. Yunwa ba ta san an yi asara ba.

Saƙon Dokta Nora ya zo bayan mako. Mace ce mai kirki, ta daɗe tana zagaye kafin ta faɗa. Kwamiti bai ji isasshen abin da zai auna aikina da shi ba, an ba wata matashiya gurbin. Amma dukansu suna sha'awar dattijon. Tunda su ba za su iya shigowa Makka ba, ko zan riƙa naɗo musu maganar tsofaffin unguwa? Za a sa sunana a shafin godiya.

Na karanta wa Khadijatu da Hausa, ina ƙara gishiri don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta zauna a bakin katifa tana kallon kusurwar da muke ajiye kayan girki. Sai a lokacin na lura babbar tukunya ba ta nan, turmin ƙarfe ma babu.

Na tambaye ta. Ta ce ta ba Ramlatu ta ƙasan bene, tunda ba a shiga jirgin tarhil, mai mayar da marasa takarda gida, da tukwane. Ashe tun ranar da na gaya mata take bin gidajen Rusaifa ɗaya bayan ɗaya, tana sallama da mata, tana neman gafara kamar yadda mai tafiya ke yi. Har ta aika wa ƙanwarta a Maraɗi a share mata ɗaki.

"Ke da kika ce kukan kaji ne?"

"Malam, na faɗa," in ji ta. "Amma na ɗauka idan suka ji ka za su ɗauke ka."

Ta ɗauki abayarta ta ce za ta je ta karɓo tukunyar, gobe akwai masu funkaso. Ta tsaya a ƙofa ta ce ba ta san me za ta gaya wa Ramlatu ba. Na sa takalmi na bi ta. Tukunyar tana da nauyi, kuma benen babu fitila.