Likkafanin Tarwaɗa

Tun daga kan gada wari ya tare Kalifa Sanu. Ya tofar da yawu, ya naɗe wando, ya gangara cikin rafin da ya ratsa tsohuwar unguwarsu a birnin Bobo. Aikin gidansu ne tun kaka da kakanni: duk tarwaɗar da ta mutu a rafin nan su ke tsamo ta, su naɗe ta a farin ƙyalle, a binne ta kamar mutum, don 'yar uwa ce. Ba a ci, ba a kamawa, mai rai ko taɓa ta ba a yi.

Yau abin ba kyan gani. Ga su birjik, ciki sama, tsakanin ledoji da ƙunzugun jarirai da hanjin kaji. Wani ya sake juye ruwan rini, rafin ya yi baƙi ƙirin yana kumfa. Wani abu mai yauƙi ya naɗe masa ƙafa, bai ma yarda ya duba ba.

Bakin rafin ya cika da masu jaje, su ne ma suka fi tayar masa da zuciya. Matar da ta fi kowa rusa kuka, bututun bayan gidanta cikin rafin nan yake tsiyaya, kowa ya sani. Mai kajin da ke ta cewa kakanni sun yi fushi, to hanjin wa ke yawo a gwiwar Kalifa? Kai, ɗan Adam ba kunya.

Can ƙarƙashin wata saiwa ya hango babbar tarwaɗar rafin, wadda suke kira Tsohuwa, wadda tun yana saurayi yake jefa wa gutsuren tuwo. Da ranta. Ta ɗago kai tana buɗe baki tana rufewa.

Ya fito da sauri ya sami yayansa Sibiri, wanda shi ne babba a gidansu, ya ce a ba shi baho ɗaya kawai, ya kai ta a babur can mafarin rafin inda ruwa ke da tsabta, kafin rana ta take ya dawo.

"Ka taɓa ta da ranta, a gaban jama'a? Kai dai furfura ba ta ƙara maka hankali ba. Mu masu binnewa ne."

"Yaya, numfashi fa take yi."

"Shi ya sa na ce ka ƙyale ta."

Dattawa suka goyi bayan Sibiri. Suka koma gindin mangwaro suna gardamar kaza za a yanka ko akuya, da wanda zai kawo burkutu. Wani har da yabon unguwa, wai duk ƙasar babu masu girmama kifi kamarsu.

Kalifa ya koma cikin ruwan ya tsaya kusa da Tsohuwa, yana ture leda da kara don kada ta toshe mata baki. Iyakar abin da aka yarje masa ke nan. Sau biyu yana sunkuyawa zai sungume ta ya ruga, hannu ya ƙi. Shekara sittin ana gaya wa hannun nan ba a yi. Sai ya ji har kansa yana ba shi ƙyama.

Sibiri ya dawo daga kasuwa da farin yadi, ya zauna a bakin rafin yana yayyagawa. Kalifa ya dubi gawarwakin da ya jera a kan ciyawa, goma sha huɗu. Ya dubi ƙyallayen, goma sha biyar, na ƙarshen ya fi sauran tsawo.

"Don kada a yi ta sintirin kasuwa," in ji Sibiri.