Bambar Motar Surajo

Shekara goma sha bakwai ke nan ina gyaran bodin mota a Kwanar Dangora, amma ban taɓa ganin motar da ta shigo garejina da kunya irin ta Surajo ba. Ranar Talata ce da hantsi. Maimakon ya shigo da gaba kamar kowa, sai ya tsaya can bakin titi ya juya, ya shigo da baya a hankali har ya kusa manna ta da katanga, don kada 'yan tasha su ga abin da ya same ta.

Surajo taubashina ne. Ubansa, Malam Sha'aibu na Ƙofa, wan uwata ne, saboda haka tsokanar Surajo gadona ce, ba mai hana ni. Direban bas ne, daga Kwana zuwa Doguwa, shekara ashirin. Wannan ƙaramar motar kuwa tasa ce ta gida. Duk wanda ya taɓa zama da shi ko na minti biyar ne ya ji labarin nan: shekara ashirin yana tuƙi, ko ƙwarzane bai taɓa yi wa mota ba. Mun ji har mun haddace.

Na zagaya bayan motar. Bambar ta karye gida biyu, rabi yana reto an ɗaure shi da igiyar rama. Danjar hagu ta fashe, murfin but ya lotsa.

Na ce, "Ikon Allah. Wane ne ya yi maka wannan aika-aikar? Faɗa mini mu je mu kamo shi."

Ya ce, "Ni ne."

"Ɗaga murya, injin walda ya kashe mini kunne."

Ya harare ni. "Na ce ni ne. Rabas na yi a kasuwar Tudun Wada na daki falwaya. Ka canza bambar yau ɗin nan, Hamidu, don Allah."

Wallahi ban yi niyyar dariya ba, ita ce ta zo da kanta. Sai da na zauna a kan tsohuwar taya na yi mai isata. Da na huta na gaya masa gaskiya, irin wannan bambar ba ni da ita, sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano an samo 'yar Kwatano mai kyau, kuma ba za ta iso ba sai Alhamis. Ya yi tsuru kamar an ce masa kwana uku zai yi a tsare.

Na ɗauko sifana na kwanta ƙarƙashin motar don in kwance abin da ya rage. A nan labarin ya fara yi mini wari. A cikin tsagar bambar akwai ɓawon itace, ja, ɗanye. A jikin salansa ga karan masara ya maƙale. Sannan yadda ƙarfen ciki ya lanƙwashe, ba taɓawa aka yi ba, da gudu aka shiga. Mai rabas da ya ga zai daki abu burki yake takawa. Wannan kuwa totur ya taka. Na fito na ɓalle but da ƙyar, sai ga wani ɗan matashin kujera mai fulawoyi, irin wanda gajeren mutum ke ɗorawa don ya hango gaba. Surajo kuwa sai ya sunkuya yake shiga ƙofar masallaci.

Na riƙo matashin na ce, "Direba, falwayar Tudun Wada a gonar masara aka kafa ta?"

Ya waiwaya hagu da dama, ya fizge matashin ya cusa a ƙarƙashin kujera. Sannan ya ja ni bayan rumfa ya fayyace mini.

Matarsa Luba ce. Unguwarzoma ce ta asibiti, kuma an ba ta canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye can gaban Tudun Wada, inda mota ba ta tashi sai ta cika, wani lokaci sai azahar. Ƙarshen wata za ta fara. In ba ta iya kai kanta ba, ajiye aikin za ta yi, aikin da ta shekara uku tana karatunsa da goyo a baya. Shi ya sa sati uku ke nan yana koya mata tuƙi a ɓoye, da sassafe, a gonar Kawu ta bakin rafi tunda an cire masara. Yau ta sa rabas, ta ga bishiyar ɗorawa a madubi, ta ruɗe, ta taka totur a maimakon burki.

Na ce, "To mene ne na ɓoyewa? Mata nawa ke tuƙi yanzu?"

Ya ce, "Ka manta Baba? Da na fara yi masa maganar, kallona ya yi ya ce, ‘Mace da sitiyari. To.’ Ka san wannan ‘to’ ɗin."

Na san ta kuwa. Kawu ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Shekara arba'in yana karantar da yara a zaurensa ban taɓa jin ya yi tsawa ba. Amma in ya ce "to" ya yi shiru, an rufe magana. Bai ce a'a ba tukuna, wannan ce kawai ƙofar da ta rage musu. In ya ji cewa surukarsa ta fasa mota a gonarsa, a ɓoye, a'a ɗin za ta fito, kuma Surajo ba zai tsallake maganar ubansa ba ko da aikin Luba zai tafi.

"Ka rufa mini asiri," in ji shi. "Gara a ce ni ne."

Na rantse masa. Amma ku tausaya mini. Tunda aka haife ni ban taɓa samun abin tsokanar Surajo mai daɗin wannan ba, ga shi a bakina, an ce kada in haɗiye kada in tofar.

Abin da bai lissafa ba shi ne jaje. A wurinmu ko akuyarka ce ta karye sai an zo an yi maka jaje, balle mota. Kafin la'asar labari ya gama tasha. Maikano, abokin layinsa da suka shekara goma suna gardamar wa ya fi wani iya tuƙi, shi ya fara zuwa. Ya cire hula, ya sassauta murya kamar gidan rasuwa.

"Ashsha, Malam Surajo. Ya muka ji da wannan abu? Allah ya kiyaye gaba. Ita falwayar da sauƙi dai ko?"

Surajo ya ce, "Da sauƙi."

"Alhamdu lillahi. In kana da lokaci ranar Juma'a ka zo bayan tasha, ina koya wa ƙanena rabas, sai ku haɗu."

Baturiya mai abinci ta aiko masa da kunun tsamiya, ta ce a gaya masa na masu jinya ne. Wani ya kawo shawarar asibitin ido. Ran Laraba labarin ya kai Doguwa ya dawo, falwaya ta zama uku, har an ce Tudun Wada ta kwana ba wuta saboda shi. Surajo yana zaune a kan benci yana amsa "amin, amin, na gode," kunnuwansa kamar za su yi hayaƙi. Mutumin da ko wasa ba ya bari a yi da tuƙinsa, ya zauna ana yanka shi da wuƙa marar kaifi bai rama ba. A nan na ji tausayinsa ya kama ni, na kuma ji ya burge ni, ko da yake ban gaya masa ba. Ni ma na ɗan sa nawa hannun a tsokanar, don in na yi shiru za a gane akwai wani abu.

Ran Alhamis bamba ta iso. Ina cikin gwada ta sai ga Luba ta sauko daga adaidaita, da farin hijabinta na aiki. Muka gaisa. Idonta ya yi ja.

Ta ce wa mijinta, "Abban Fiddausi, ni na gaji. Jiya a asibiti har masu awo suna labarin wai idonka ya mutu. Zan je in gaya wa Inna gaskiya ta gaya wa Baba. In aikin ne a bar shi."

Ya ce, "Ba inda za ki. Saura kwana tara. Ni ake yi wa dariya, kuma ban ce miki na gaji ba."

"Ni na gaji da jin ta."

Suna cikin wannan sai na hango ɗan acaɓa ya tsaya a bakin titi, wani tsoho da farin rawani yana saukowa a hankali, yana dogara sanda. Na ce musu, "To, ku gyara tsayuwa. Ga Kawu nan."

Ya zo jaje ne, tun daga Ƙofa. Muka zube muka gaishe shi. Luba ta ja can gefen rumfa ta durƙusa, ta sunkuyar da kai. Kawu ya amsa gaisuwarta yana kallon wani wajen, kamar yadda aka saba. Tunda aka kawo ta gidan bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa yi mata magana kai tsaye ba, sai dai ta bakin wani. Shi kansa Surajo, da yake ɗan fari ne, ba ya faɗin sunansa, Direba yake ce masa.

Na goge masa benci ya zauna. Ya dubi motar, ya dubi tsohuwar bambar da ke yashe a ƙasa.

"Direba, ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya tsare gaba."

"Amin, Baba."

"Falwaya aka ce."

"E, Baba."

Kawu ya gyaɗa kai. Ya juyo wajena, ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa.

"Hamidu, kai ne mai sana'a, bari in tambaye ka. Gonata ta bakin rafi, sati uku ke nan kullum in na je da hantsi sai in tarar da sawun taya. Satin farko sawun nan kamar maciji ya bi, ya yi nan ya yi can, har kunyar gyaɗar maƙwabci ya hau. Sati na biyu ya fara hankali. Wannan satin kuwa na ga ya miƙe sak, ya yi kwana mai kyau a wajen rijiya, har na tsaya ina kallo. Shekaranjiya kuma na tarar an ɗaye wa ɗorawata gindi." Ya dubi Surajo. "Mutumin da ya shekara ashirin yana tuƙi, yana zagaya gona sau talatin da sassafe?"

Na ce, "Kawu, ni bodi nake gyarawa, ban san sawu ba."

"Haka ne. Uwarka ma haka take, ba ta iya ƙarya ba."

Surajo ya buɗe baki zai yi magana, Kawu ya ɗaga masa yatsa ɗaya, ya rufe. Na saci kallon Luba. Ta dunƙule wuri ɗaya. Ni kaina sifanar da ke hannuna ta yi mini nauyi. Na ce a raina shi ke nan, a'a ɗin ta iso.

Kawu ya miƙa sanda ya ƙwanƙwasa sabuwar bambar.

"Wannan roba ce ko?"

"Roba ce, Kawu. Duk haka ake yin su yanzu."

"Ba za ta yi ba ita kaɗai. Ka san ƙarfen nan da kake yi wa motocin da ke shiga dajin Doguwa walda a baya? Ka sa mata irinsa, mai kauri. Mai koyo bai gama koyo ba, kuma hanyar ƙauyen nan da aka ce duk itatuwa ne." Ya gyara rawani. "Sannan a bar gonar rafi. A koma ta gabas, ta fi faɗi, ba itace ko ɗaya. Mai naƙuda ba za ta jira mota ta cika a tasha ba."

Surajo ya sunkuyar da kai yana murza ido, wai ƙurar gareji ce. Na ce, "Direba, ko asibitin idon nan za mu je?" Bai ko harare ni ba.

Kawu ya miƙe. Luba tana nan durƙushe, tsakaninta da shi bai fi taku uku ba. Ta ɗago kaɗan, hawaye yana bin fuskarta, amma ba shi ta kalla ba, ni ta kalla.

"Malam Hamidu," in ji ta, "ka ce wa Baba na gode. Ka ce masa ya yafe mini ɗorawar."

Na juya na ce, "Kawu, an ce an gode. An ce ka yafe ɗorawar."

Kawu yana kallon titi ya ce, "Ka ce mata ɗorawa za ta warke." Ya yi taku biyu ya tsaya. "Ka kuma ce mata na tambaya, an ce mini burki shi ne na tsakiya."

Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, sannan na je na jawo injin walda.