Kukan Cikin Sammani

Sammani manomin shinkafa ne a bakin kanal ɗin Bunkure, amma rabon da shinkafa ta zauna masa a ciki har ya manta. Ciwon sukari ne ya kashe masa tumbi. Loma kaɗan zai yi ya ji kamar dutse ya haɗiya, tuwon jiya kuma ya dawo da safe yadda ya shiga. Magani babu irin wanda bai sha ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya daina zama a zaure ana cin kwano ɗaya da shi, don kunyar tashi da gudu.

Wata likita a wani asibitin birni ta ce ƙofar da abinci ke bi ya fita daga tumbi ce ta ɗaure. Za su zura siririyar mesa mai kyamara ta bakinsa, su tsaga naman ƙofar daga ciki don ta saki.

Sammani, da ma sarkin tambaya ne, ya gyara zama. "Likita, wuƙar fa, ta ina za ta bi?"

"Ta cikin mesar, Malam."

"Kuma a warke?"

"Da yawa suna samun sauƙi, wasu kaɗan, wasu kuma shiru. Sai mun gani."

Da ya farfaɗo bayan aikin, abin da ya fara yi shi ne ɗaga riga. Babu ɗinki, babu filasta, ko ƙwarzane babu. A gida ma yayansa Badamasi ya ɗaga rigar, ya duba gaba, ya duba baya, ya taɓe baki.

"Barci kawai aka sa ka, aka tashe ka. Ina aka taɓa tiyata ba tabo?"

"Wallahi Yaya, ni ma abin da nake ta tunani ke nan."

Haka ya yi ta shan kunu kamar yadda aka umarce shi, yana shafa ciki yana kasa kunne, ko zai ji alamar an taɓa wani abu a ciki.

Wata rana da hantsi yana sakar wa fangalin shinkafarsa ruwa, sai ya ji cikinsa ya murɗa. Ba irin nauyin da ya saba ba ne, wannan kamar rami aka haƙa masa. Cikin ya yi wata ƙara. Tsoro ya kama shi sosai. Ya yar da fartanya ya hau babur.

"Zuliha!" ya kira matarsa tun daga soro. "Aikin nan ya warware."

Ta fito da ludayi a hannu. "Amai ne, Malam?"

"A'a."

"Zafi?"

"Ba zafi. Wayam nake ji, kuma ƙamshin miyar nan taki sai ƙara min abin yake."

Cikin ya sake yin ƙugi, har ita ta ji. Zuliha ta tsaya tana kallonsa. Dariya ta fara zuwar mata, sai hawaye suka riga ta.

"Malam," ta ce, "yunwa ce fa."

Sammani ya dafa cikinsa, yana sauraron baƙuwar da ya manta kamanninta.

"To zuba," ya ce a hankali. "Kar ki kai min ɗaki. A zaure zan ci, kuma ki aika a kira Yaya."