Sunan da Aka Sa wa Likita

Mai gyaran agogo bai taɓa taka asibitin da autarsa take aikin likita ba, sai ranar da idonsa na hagu ya fara gani dishi-dishi. Yana zaune a kan benci riƙe da kati, wasu ma'aikata biyu na gefensa suna hira da Turanci. Auta ta gifta can nesa cikin farar riga. Ɗayarsu ta nuna ta da leɓe ta ce, "Snooty."

Ya riƙe kalmar gam. A ransa ya ce lalle wani muƙami aka ƙara mata, kunya ta hana ta faɗa. Kafin yamma tela da mai aski na kusa da shagonsa duk sun ji cewa 'yarsa ta zama Sunuti.

Da ta zo gida ranar hutu ya tare ta. "Auta, ashe girma ya ƙaru, shi ne ba labari?"

Da ya faɗi kalmar, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, ba muƙami ba ne. Mai hura hanci ake ce wa haka, mai kallon mutane ɗai-ɗai. Ba ma a rubuta ta a takardar aiki, kalmar gulma ce."

Fuskarsa ta canja. "To ke me kika yi musu?"

"Ba na zama shan shayi da su ne. Lokacin nake zagaya waɗanda ba mai zuwa duba su."

Abin ya tsaya masa a rai. Ranar da ya koma a sake duba idon, ya hana a gaya mata ya zo. Ya lallaɓa ya leƙa ɗakin marasa lafiya ta taga. Can ya hango ta durƙushe gaban wata tsohuwa da aka naɗe wa ido da bandeji, tana yanke mata farce. Tsohuwar sai faɗa take, wai ta cika gaggawa. Auta na cewa, "Yi haƙuri, Iya, saura ɗaya."

Ya daɗe a tsaye. Wani dattijo mai shara ya tambaye shi ko ya ɓata hanya ne.

"A'a," ya ce, ya gyara zaman hularsa. "Waccan likitar, ni na haife ta."

Mai sharar ya jingine tsintsiya, ya gaishe shi da hannu biyu, ya jawo masa kujera.